Ɗakin janareta: yadda ake rage ƙara ba tare da an dafa injin ba, a Jos da kuma Kudu

Duk wanda ya zauna gidan haya a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san rigimar janareta. Mai inji yana son wuta, maƙwabci yana son barci, mai gida kuma ba ya son a kawo masa ƙara. Maganin da aka fi kamawa shi ne a kira mai walda ya ƙera akwatin ƙarfe, ko birkila ya tayar da ɗan ɗaki, a tura injin ciki a rufe ruf. Ƙara takan ragu kam. Amma ba a daɗewa sai kwayil ya ƙone, ko injin ya riƙa mutuwa da kansa bayan rabin awa, ko kuma abin da ya fi muni, hayaƙi ya sami hanyar shiga ɗakin da yara suke kwance.

Tushen matsalar ɗaya ne. Hanyar da iska take bi ta shiga, ita ce ƙara take bi ta fita. In ka toshe ta, ka hana ƙara fita amma ka shaƙe injin. In ka buɗe ta, injin ya sarara amma unguwa ta hana ka sakat. Aikin mai gina ɗakin janareta shi ne ya raba waɗannan biyun, ya bar iska ta wuce ya tare ƙara, kuma ana iya yin hakan da kayan da ke kasuwa.

Mun ɗauki Jos a matsayin misali ne saboda dalilai biyu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke Mile 12 da Alaba da Shasha iyalansu suna Jos da Bukuru, kuma injin da aka saya a Legas sau da yawa a Anguwan Rogo ko Gangare ko Rikkos yake ƙarewa. Na biyu, Jos gari ne da ke rudar mutum a wannan fanni, domin sanyinsa yana sa a ɗauka cewa inji ba zai yi zafi ba.

Yawan zafin da ake magana a kai

Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da zafin da ya kai kimanin kilowat 9 na awa guda. Ƙaramin janareta na gida, irin mai kilowat 2 ko 2.5, ba ya mayar da ko kashi ɗaya bisa huɗu na wannan ya zama lantarki. Ragowar duk zafi ne. Wajen rabinsa yana fita ta salansa, sauran kuma yana fitowa daga jikin injin da kwayil da tukunyar salansar kanta, ya tsaya a cikin ɗakin. Wato injin da ke shan lita ɗaya a awa yana zuba zafin da ya kai kilowat 3 ko fiye a inda aka ajiye shi. Ka ƙaddara ka kunna dutsen guga uku ka kulle su a akwati, ka bar su har asuba.

A nan ne yawancin mutane suke kuskuren lissafi. Suna tunanin iskar da injin yake shaƙa ne kawai, sai su huda 'yan ramuka kamar na kejin kaji su ce ai ya isa. Gaskiya ne iskar konewa ba ta da yawa. Lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska kimanin kubik mita 9 zuwa 10 kafin ta ƙone sosai. Amma iskar da za ta kwashe zafi daban take. Idan ana so zafin cikin ɗaki kada ya ɗara na waje da fiye da digiri 10, kowane kilowat ɗaya na zafi yana buƙatar iska kusan kubik mita 300 a awa. Kilowat 3 ke nan kubik mita 900. Ninki ɗari na abin da injin yake shaƙa. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin.

Abin da tudun Jos yake yi wa inji

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, Legas da Fatakwal kuwa kusan a bakin ruwan suke. Yayin da ake hawa sama iska tana ƙara sirancewa, don haka abin da fistin ya zuƙo a Jos bai kai nauyin wanda zai zuƙo a Apapa ba. Kamfanin Honda ya rubuta a littattafan ƙananan injunansa cewa ƙarfin inji yana raguwa da kusan kashi 3.5 cikin 100 a duk hawan mita 300. In aka lissafa da tsayin Jos, kusan kashi 14 ke nan. Janaretan da ke ɗaukar kilowat 2.5 a Legas, in ya isa Farin Gada abin da zai iya bai fi 2.1 da ɗoriya ba. Shi ya sa za ka ji ana cewa injin da aka aiko daga Legas "jabu ne", alhali lafiyarsa ƙalau, kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfinsa a wannan tudu. Inji kuwa in ana matsa masa, zafinsa da ƙararsa duka ƙaruwa suke yi.

Siririyar iska ba ta kwashe zafi kamar mai kauri. Fankar da ta isa a Legas, a Jos sai an ƙara mata kusan kashi 12 zuwa 15 cikin 100 kafin ta yi aiki iri ɗaya. Ma'aunin da ake ƙera yawancin kwayil a kansa a duniya shi ne zafin waje kada ya wuce digiri 40, tsayin wuri kuma kada ya wuce mita 1,000. Jos ta riga ta haye na biyun. Abin da yake ceton ta shi ne sanyin garin, musamman daren Disamba da Janairu. To amma in ka kulle injin a akwati ka jefar da wannan rangwamen da Allah ya ba ka, domin injin ba iskar Jos yake shaƙa ba, iskar akwatin yake shaƙa, wadda ta iya kaiwa digiri 55 ko 60 ko da mutane suna rawar ɗari a waje. Kuma a watan Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, Jos ɗin ma tana da nata zafin rana.

Akwai batun kafireta. Da yake iska ta yi ƙaranci amma fetur bai ragu ba, injin yakan sha mai fiye da kima a kan tudu, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi mai guba ya ƙaru. Makanikai sukan rage masa mai ta hanyar sauya jet. Wannan daidai ne muddin injin zai zauna a Jos. Amma wanda ya ɗauko injin da aka yi wa wannan gyara ya sauko da shi Onitsha ko Legas, to ya mayar da jet ɗin asali, in ba haka ba mai zai yi masa kaɗan, ya yi zafi har ya lalace. Masu babban injin dizal mai lagireto kuma su tuna cewa a Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba. Murfin lagireto da robarsa ta mutu ba ƙaramin abu ba ne a can.

Dabarar masu jirgin ruwa

Babu wanda ya sha fama da wannan matsala kamar masu ƙananan jiragen ruwa na filafilai a Turai da Amurka. Injinsu yana cikin wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakala, taku biyu daga inda suke kwana. Ba za su iya barin sa a buɗe ba saboda ƙara da ruwan teku, ba kuma za su iya toshe shi ba. Abin da suka daɗe da ganowa shi ne ita iska tana iya shan kwana, amma ruwa da ƙara ba sa son kwana.

Akwai wani akwatin shigar da iska da ake kira Dorade, sunan wani jirgi ne da Olin Stephens ya zana a Amurka a 1929. Iska tana shiga ta wani bututu mai kama da kahon busa, ta faɗa cikin akwati, ta haye wani ɗan shinge, sannan ta gangara cikin jirgi ta wani bututun daban. Ruwan da ya biyo ta ba ya iya haye shingen, sai ya tsiyaye ta ƙananan ramuka. A ɗakin injin ma haka suke yi, iska mai sanyi su kai ta ƙasa kusa da inda injin yake shaƙa, mai zafi su zuƙe ta daga sama da fanka, hanyoyin biyu duka a lanƙwashe kuma a lulluɓe da abin da ke shanye ƙara. Sun fi mu sauƙi ta fuska ɗaya, domin ruwan teku ne yake sanyaya musu injin, mu kuwa iska ce kaɗai.

Wani darasin nasu ya shafi fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa a Amurka ake liƙa gargaɗi a jiragen da ke amfani da fetur cewa a kunna fankar zuƙe iska na aƙalla minti 4 kafin a tayar da inji. Ɗakin janaretan da ba shi da ƙofar iska a ƙasa, ga jarkokin mai an jera a ciki, daidai yake da cikin wannan jirgin.

Yadda ake tsara ɗakin

Kafin komai, a san cewa masu ƙera ƙananan janaretoci na fetur ba su yi su don a kulle ba, a fili suka ce a ajiye su, da tazarar aƙalla mita ɗaya daga bango. Saboda haka a ganina ɗaki mai yalwa na bulo, ware daga gidan kwana, ya fi matsattsen akwatin ƙarfe nesa ba kusa ba. Akwatin kwano ma ƙara yake yi wa ƙarar amo kamar ganga. Abin da ke tare ƙara nauyi ne. Bulo mai inci 9 da aka cika cikinsa da yashi ko kankare aka yi masa filasta ciki da waje, shi ne gaba. Rufin ma haka, in kwano ne kawai to ta nan ƙarar za ta fice, sai an yi masa silin mai kauri ko a zuba dakin. Ƙofa ta zama mai nauyi, a zagaye bakinta da roba, domin tsagar da yatsa zai shiga tana iya ɓata aikin bango gaba ɗaya.

Sai ƙofofin iska, kuma guda biyu ne dole. Ta shiga a ƙasa, a gefen da ake jan igiyar injin, domin ta nan fankarsa take zuƙa. Ta fita a sama, a bangon da ke fuskantarta, gefen salansa. In ka sa su a bango ɗaya kusa da juna, iskar da ta shigo za ta juya ta fice ba ta taɓa injin ba, ko kuma mai zafin da ta fita ta sake dawowa. Girman fa? Domin kubik mita 900 su wuce a awa ba tare da iskar kanta ta yi shuu ba, ana buƙatar buɗaɗɗen wuri kamar faɗin fuskar bulo guda, wato santimita 45 da 22 da rabi. Amma raga da sandunan hana ɓarawo da kwanonin da za a yi suna cinye kusan rabi, don haka a bar gurbin bulo biyu ga ƙaramin inji, a Jos ma a ɗan ƙara. Ta shiga kada ta gaza ta fita girma.

Yanzu ga inda dabarar take. A gaban kowace ƙofar iska a gina wata 'yar katanga ko akwati, yadda iskar za ta sha kwana sau biyu kafin ta wuce. Gwajin mai sauƙi ne, in ka durƙusa a waje ka leƙa ka hango injin, ƙararsa ma tana hango ka. Hanyar kada ta matse a wurin kwanar, faɗinta ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Sannan a shimfiɗa abin shanye ƙara a cikin hanyar da kuma bangon ɗakin. Abin da ya dace shi ne audugar gilashi ko ta dutse, irin wadda ake sa wa a jikin tandar gasa burodi, mai kaurin santimita 5, a danne ta da raga ko faranti mai huji-huji don kada fanka ta riƙa yagar ta. Ba ta cin wuta.

Soson katifa kuwa, don Allah a bar shi. Shi aka fi gani saboda arha, amma arha ba ta ado. Yana shan mai da tururin fetur, yana kama wuta nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. Kwalin ƙwai ma da ake mannawa bai tare komai ba, kwalliya ce da makamashin gobara.

Iskar da zafi ke turawa sama da kanta ba ta isa ba in an yi kwanoni, sai da fanka. A sa ta a ƙofar fita tana zuƙowa waje, a cikin hanyar ba a bakin titi ba. Babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru, kuma ta fi tura iska. A duba adadin da aka rubuta a kwalinta, a ɗauki wadda ta ɗara abin da ake buƙata da rabi, tunda adadin na fili ne ba na lanƙwasasshiyar hanya ba. Mai fiffiken ƙarfe ta fi, na roba yakan lanƙwashe da zafi. A jona ta kai tsaye da janaretan yadda da ya tashi za ta tashi, ba sai wani ya tuna ba. Illar hakan ita ce da an kashe inji ita ma ta tsaya, alhali a mintocin farko bayan kashewa zafin cikin ɗaki ƙaruwa yake yi. Sai a buɗe ƙofa na kwata ɗin awa. A lokacin ne kuma ba a zuba mai, tankin yana zaune ne a kan inji mai zafi.

Ga masu babban injin dizal na otal ko gidan biredi ko injin niƙa, fankar lagireto ita ce take yin aikin. A manna fuskar lagireton da ƙofar fita ta hanyar bututun tamfol ko na ƙarfe mai laushin haɗi, don kada iskar zafi ta zagayo. Ƙa'idar da masu girkawa suke bi ita ce ƙofar fita ta ɗara faɗin lagireto da aƙalla kwata, ta shiga kuma ta ɗara shi da rabi.

Wata ƙarar ba ta iska take bi ba, ta ƙasa take bi. Ita ce wadda maƙwabci yake ji a gadonsa kamar ana daka. Maganinta a zuba wa injin dandamalin kankare nasa shi kaɗai wanda bai haɗu da harsashin gida ba, a ɗora shi a kan roba mai kauri. Tsohuwar tayar mota da aka kwantar aka ɗora katako tana aiki, in dai injin ya zauna daram bai karkata ba, saboda baƙin mai.

Salansa da hayaƙin da ba a gani

Hayaƙin salansa dole ya fita waje ta bututunsa, ba a barin sa ya gauraya da iskar ɗakin da sunan fanka za ta kwashe. Bututun da za a ƙara ya fi na asali faɗi, ya zama gajere, kwanarsa kaɗan, da ɗan guntu mai lanƙwasuwa a tsakani domin girgiza kada ta tsaga waldar. Inda ya ratsa bango a sa shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, nesa da katako. A naɗe shi da abin hana zafi, wannan kaɗai yana rage zafin ɗakin sosai. Ana iya ƙara salansar mota a waje, tana rage ƙara, amma in ta matse hayaƙin injin zai rasa ƙarfi ya ƙara zafi, kuma a Jos dama ƙarfin ya riga ya ragu. Bakin bututun ya kalli inda babu taga, ya ɗan sunkuya ko a yi masa hula saboda ruwan sama.

Gubar da ke cikin hayaƙin, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kama shi sau 200 da wani abu. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ce zazzaɓin sauro ne ya sha magani ya koma ya kwanta. Mai barci kuwa ba ya ma jin komai. Kusan kowace shekara jaridu suna kawo labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar sun rasu, janareta yana baranda ko kicin ko ƙarƙashin matakala saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa a ajiye shi aƙalla ƙafa 20, wato wajen mita 6, daga ƙofa da taga. A gidajen haya na Legas samun mita 6 wuya ne, mun sani, amma ko ba a samu ba, lungun da ke tsakanin ɗakuna ba wurin inji ba ne. A Jos haɗarin ya fi yawa a hunturu, lokacin da ake rufe kowace taga a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, hayaƙin da ya shigo ba shi da mafita. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ihu in ta ji wannan guba, kuɗinta bai kai na cika tanki sau biyu ko uku ba, a ɗakin kwana ake rataye ta. In mutum biyu ko uku a gida suka tashi da ciwon kai lokaci guda ana cikin amfani da inji, a fitar da kowa waje, a kashe injin, a tafi asibiti a faɗa musu hayaƙi ake zargi.

Awo da doka

Da desibel ake auna ƙara. Ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an rage rabi, kuma a fili duk ninka nisa yana rage kusan 6. Buɗaɗɗen janareta na gida yakan wuce 70 a nisan mita 7. Hukumar NESREA tana da dokar ƙara tun 2009, a Legas kuma LASEPA ta sa iyakar 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, kuma takan rufe wuraren da aka kai ƙararsu. Mai shagon ɗinki ko gidan kallon ƙwallo ko masallacin unguwa da ke zaune cikin wasu ƙabilu ya san cewa ƙaramin abu irin wannan yana iya zama babbar magana.

Bambancin wuri yana sauya abin da za a fi lura da shi. A Jos ƙurar hunturu ce take toshe raga da matatar iska, daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai ana kakkaɓewa duk mako, ragar sauro mai ƙananan ido ma ba ta dace ba don nan da nan take cikewa. A Legas da Warri da Fatakwal laima ce da gishirin teku suke cin ƙarfe, ga ambaliya, don haka a ɗaga dandamalin injin da ƙofar iska ta ƙasa sama da inda ruwa yake kaiwa a unguwar, kuma zafin waje da ake farawa da shi ya fi na Jos, tazarar da ke tsakaninsa da digiri 40 kaɗan ce.

In an gama gini, a gwada kafin a sallami ma'aikata. A rataye ma'aunin zafi a gefen da injin yake shaƙar iska, a ɗora masa kayan da aka saba ɗorawa, a rufe ƙofa na awa ɗaya. In abin da ya nuna ya ɗara na waje da fiye da digiri 10, ko ya haye 40, a faɗaɗa ƙofofin iska ko a sauya fanka. A kuma lura da ƙofar ɗakin lokacin da fanka take aiki, in tana fizgar ta ciki da ƙarfi har buɗewa yana wuya, ƙofar shigar iska ce ta yi kaɗan, a cire bulo ɗaya a ƙara.